Waɗanda suka tsira daga kisan ƙare-dangin Yahudawa: amsar tambayoyin da kuke ta maimaitawa

Duk shekara idan 27 ga Janairu ta zagayo, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2005 don tunawa da wannan kisa, tambayoyin nan dai su ne ke dawowa. Ga amsoshinsu wuri ɗaya. Don Allah a karanta har ƙarshe kafin a sake tambaya.

Wai da gaske abin ya faru?

Ya faru. 'Yan Nazi na Jamus da masu taya su sun kashe Yahudawa kimanin miliyan 6, mafi yawa tsakanin 1941 da 1945. Kusan miliyan 1.5 daga ciki yara ne.

Ba Yahudawan ne da kansu suka ƙirƙiro adadin ba?

A'a. Makasan sun rubuta lissafinsu da hannunsu. Rundunar da ta harbe mutane a kwazazzabon Babi Yar kusa da Kiyef, ranakun 29 da 30 ga Satumba 1941, ta aika rahoto Berlin cewa ta kashe 33,771. Wani jami'in Nazi mai suna Hermann Höfle ya aika saƙon talgiram a Janairun 1943 da jimillar waɗanda aka kai sansanoni huɗu na Polan zuwa ƙarshen 1942: mutum 1,274,166. Ba wanda ya tsira ne ya rubuta waɗannan takardu ba.

To idan an kashe su haka, ina aka samo masu ba da labari da yawa?

Wannan tambayar tana ɓata mini rai, domin mai yin ta yakan ɗauka ya kama wani da ƙarya. Yahudawan Turai sun kai miliyan 9 kafin Yaƙin Duniya na Biyu. An kashe biyu cikin uku, saura kuwa miliyoyi ne. Yawancinsu ma ba daga sansanin kisa suka fito ba. Mafi yawan Yahudawan Polan da suka rayu, gudu suka yi zuwa cikin Tarayyar Sobiyet. Yara kimanin 10,000 an kai su Birtaniya a 1938 da 1939, akasarinsu ba su sake ganin iyayensu ba. A Oktoban 1943 masunta da sauran jama'ar Denmak sun tsallakar da mutum sama da 7,000 zuwa Suwidin. Wasu a rami suka ɓuya, wasu a daji, wasu da takardun bogi.

Inda aka gina don kisa zalla kuwa, kusan babu wanda ya fito. A Belzec an kashe sama da mutum 430,000, amma mutum biyu kacal aka samu suka ba da shaida bayan yaƙi, Rudolf Reder da Chaim Hirszman. Shi Hirszman an kashe shi a Lublin a 1946 kafin ya gama ba da tasa. Abin da ya sa kuka fi jin sunan Auschwitz shi ne can akwai aikin bauta, ana ware wasu su yi aiki kafin su mutu, don haka aka sami masu fitowa.

Masu ƙarfi da wayo ne suka tsira ke nan?

Kada ka faɗi haka a gaban wanda ya rasa 'yan uwansa. Su da kansu sun fi kowa cewa sa'a ce. Simone Veil, 'yar birnin Nice a Faransa, tana da shekara 16 aka sauke ta a Auschwitz a Afrilun 1944. Wani fursuna ya raɗa mata cewa ta ce shekararta 18, aka tura ta layin aiki. Mahaifiyarta ta rasu a Bergen-Belsen saura 'yan makonni a buɗe sansanin, mahaifinta da yayanta ba su dawo ba. Ita ce ta zama shugabar Majalisar Turai a 1979. Primo Levi, ɗan Italiya masanin haɗa sinadarai, ya sami aiki a ɗakin gwaji a Auschwitz a lokacin sanyi na ƙarshe, sannan zazzaɓi ya kwantar da shi a daidai lokacin da aka kwashe fursunoni kusan 60,000 aka tafi da su a ƙafa cikin ƙanƙara, ana harbe duk wanda ya gaza. Ciwon nan ne ya sa aka bar shi a baya. Cikin mutum 650 da aka loda a jirgin ƙasa tare da shi, kimanin 20 ne suka koma gida.

Dukkansu suna da lamba a hannu?

A'a. A Auschwitz kaɗai ake tsaga lambar, kuma ga waɗanda aka ware don aiki. Wanda aka wuce da shi ɗakin iska mai guba ko rajista ba a yi masa.

Me ya sa ba su yi faɗa ba?

Da me? Mutumin da aka killace shekara biyu cikin yunwa, da tsohuwarsa da jaririnsa a hannu, aka ce masa wurin aiki za a kai shi? Duk da haka sun yi. Unguwar da aka killace su a Warsaw ta yi bore a Afrilun 1943, ta riƙe sojan Jamus kusan wata guda. An yi bore a sansanin kisa na Treblinka a Agusta. A na Sobibor, ranar 14 ga Oktoba 1943, kimanin mutum 300 suka ɓalle, waɗanda suka ga ƙarshen yaƙi a cikinsu ba su wuce 60 ba.

Da aka buɗe sansanonin, wahala ta ƙare?

Nan ne mutane suka fi yin kuskure, nan kuma na fi son a tsaya. Sojan Birtaniya sun shiga Bergen-Belsen ranar 15 ga Afrilu 1945, suka tarar da mutum kusan 60,000 da sauran numfashi, da gawa sama da 10,000 ba a binne ba. Bayan an 'yanta su, wasu kimanin 14,000 suka mutu, saboda zazzaɓin da kwarkwata ke yaɗawa da kuma yunwar da ta riga ta cinye jiki. Har da waɗanda abincin taimako ya kashe, don cikinsu ba zai iya ɗauka ba.

Wanda ya miƙe kuma, ina za shi? Polan tana da Yahudawa miliyan 3.3 kafin yaƙi, an kashe kusan miliyan 3. Mutum ya koma garinsu ya tarar da wani a cikin gidansa, ba uwa ba uba, ba ko kabarin da zai ziyarta. A garin Kielce, ranar 4 ga Yuli 1946, fiye da shekara guda da gama yaƙi, taron jama'a da 'yan sanda da soja suka kashe Yahudawa 42 a kan ƙaryar cewa sun sace wani yaro. Daga nan dubbai suka sake tattara komatsansu suka gudu yamma. Kimanin mutum 250,000 suka zauna a sansanonin 'yan gudun hijira a Jamus da Ostiriya da Italiya. Earl Harrison, wanda Shugaba Truman na Amurka ya tura ya duba, ya rubuta a Agustan 1945 cewa ya tarar da su har yanzu a bayan waya mai ƙaya, wasu sanye da kayan fursuna. Na ƙarshe cikin sansanonin, Föhrenwald, sai 1957 aka rufe shi. A cikinsu aka yi ta ɗaura aure da haihuwa da gaggawa, don kowa yana neman wanda zai kira nasa.

Ga kuma shiru. Da yawa sun so yin magana ba su sami mai saurare ba. Littafin Levi na farko babban kamfanin ɗab'i ya ƙi shi, wani ƙarami ya buga kwafi 2,500 a 1947, bai ma sayu sosai ba. Sai a shari'ar Adolf Eichmann, jami'in Nazi da ya tsara jigilar Yahudawa zuwa sansanoni, a Urushalima a 1961, inda shaidu sama da 100 suka yi magana, duniya ta zauna ta ji su.

An turo mini bidiyon wata tsohuwa tana ba da labarinta, wani kuma ya ce an sha kama irinsu da ƙarya. In yarda ko kar in yarda?

Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma ba ni da amsa mai kalma ɗaya. Eh, an kama wasu. Wani mai kiran kansa Binjamin Wilkomirski ya fitar da littafi a 1995 cewa ya yi ƙuruciya a sansani, aka gano a Suwizalan ya tashi, kuma ba Bayahude ba ne. Misha Defonseca ta ce ta rayu da kyarketai a daji, a 2008 ta amsa cewa ƙirƙira ta yi. Herman Rosenblat ya zauna a sansani da gaske, amma ya ƙara labarin soyayyar da ba a yi ba. Ka lura da abu ɗaya: 'yan jarida da masana tarihi da masu binciken asali ne suka tona su, ta hanyar komawa ga takardu.

Sai kuma wanda ba ƙarya yake yi ba, amma ya kuskure. Wannan ya fi yawa, ya fi wuyar sha'ani. Mutum ba shi da agogo, ba shi da kalanda, yana cikin yunwa da firgici, sannan aka tambaye shi bayan shekara arba'in. Likitan ƙwaƙwalwa Dori Laub ya ba da labarin wata mata da ta ce ta ga bututun hayaƙi huɗu sun tashi a boren da fursunoni suka yi a Birkenau, wani sashe na Auschwitz, ranar 7 ga Oktoba 1944, alhali gidan ƙona gawa ɗaya ne aka ƙona. Ta kuskure a lissafi, boren kuwa an yi shi. Mutum biyu da suka tsira daga gobarar kasuwa za su saɓa a kan ƙarfe nawa wutar ta tashi da layin da ta fara ci, amma saɓaninsu ba ya tayar da rumfunan da suka ƙone. Haka da yawa sukan ce Josef Mengele, likitan Nazi da ya yi ƙaurin suna a Auschwitz, shi ne ya tantance su a bakin jirgin ƙasa, alhali likitoci da dama ke karɓa-karɓa. Wani lokacin kuskuren yana da nauyi sosai. Waɗanda suka tsira daga Treblinka sun rantse a kotu cewa John Demjanjuk shi ne wani mugun mai gadi da suka sani, aka yanke masa hukuncin kisa a 1988. Kotun ƙolin Isra'ila ta soke hukuncin a 1993 bayan takardun Sobiyet sun nuna wani mutum ne daban. Daga baya, a 2011, kotu a Munich ta same shi da laifin gadi a Sobibor.

To ga yadda ni nake yi, ba kuma doka ba ce. Abin da mutum ya ce ya same shi a jikinsa, yunwa, duka, rabuwa da uwa a bakin jirgi, ina ba shi nauyi sosai. Kwanan wata da adadi da sunan jami'i, sai na gwada da takarda. Ina duba ko bidiyon ya faɗi sunan mai maganar da garinsu da inda aka ɗauka, domin manyan taskokin shaida, irin ta Jami'ar Yale da aka fara tarawa a 1979 da wadda Steven Spielberg ya kafa a 1994 mai shaida sama da 50,000, duk suna rubuta wannan. Taskar Arolsen a Jamus tana da takardu a kan mutum miliyan 17.5, ana iya neman suna ta intanet. Amma rashin ganin suna ba hujja ba ce, don an ƙona takardu da yawa, wasu kuma ba a taɓa rubuta su ba. Labarin da ya cika daɗi, komai ya zo daidai, nakan ɗan ja baya da shi. Hotuna ma yanzu a yi hattara, akwai na bogi da kwamfuta ke ƙerawa suna yawo a Facebook. Idan ka rasa tabbas, kada ka tura, kada kuma ka zagi tsohuwar. Barinsa a wayarka ba laifi ba ne.

An ce an rage adadin Auschwitz daga miliyan 4. Ba shi ke nan ba?

Miliyan 4 lissafin Sobiyet ne da aka rubuta a allon wurin har 1990. Masana tarihi ba su gina miliyan 6 a kansa ba. Raul Hilberg tun 1961 ya sa na Auschwitz kusan miliyan 1. Adadin da aka tsaya a kai shi ne miliyan 1.1.

Falasɗinawa fa?

Kimanin Falasɗinawa 700,000 sun rasa gidajensu a 1948, kuma abin da ke faruwa a Gaza ya isa ya hana mai imani barci. Ka yi magana a kai da babbar murya. Amma yarinyar da aka shaƙe da iska mai guba a 1942 ba ta kori kowa daga gidansa ba, ƙasar Isra'ila ma ba a kafa ta ba a lokacin. Ƙaryata mutuwarta ba ya mayar wa Bafalasɗine ko taku ɗaya na gonarsa. Haba jama'a.

Musulmi sun taimaka musu?

Wasu sun taimaka. Albaniya, mai rinjayen Musulmi, ta fito daga yaƙin da Yahudawa fiye da yadda ta shiga, don iyalai sun ɓoye baƙi bisa al'adarsu ta riƙon amana. Mohamed Helmy, likita ɗan Masar, ya ɓoye wata yarinya Bayahudiya a tsakiyar Berlin. Selahattin Ülkümen, ƙaramin jakadan Turkiyya a tsibirin Rhodes, ya ceci mutum wajen 40 a 1944. Muftin Ƙudus Amin al-Husaini kuwa ya gana da Hitler a Nuwamban 1941, ya yi wa Jamus farfaganda. Duka biyun tarihi ne, ba a ɗaukar ɗaya a bar ɗaya.

Abin ya taɓa Afirka?

Ya taɓa arewacinta. Jamus ta mamaye Tunisiya daga Nuwamban 1942 zuwa Mayun 1943, ta sa Yahudawa kimanin 5,000 aikin tilas. A Libiya, Italiya ta tsare wajen 2,600 a sansanin Giado, sama da 500 suka mutu. Gwamnatin Vichy ta Faransa, wadda ta haɗa kai da Jamus, ta kafa sansanonin gwale-gwale a hamadar Aljeriya da Maroko, inda Yahudawa da sauran fursunoni suka yi ta shimfiɗa layin dogon da aka so ya ratsa Sahara har kogin Neja. Ba a taɓa gama shi ba.

Saura nawa da rai?

Ƙidayar da aka fitar a Janairun 2024 ta ce kimanin 245,000 a ƙasashe sama da 90, kusan rabinsu a Isra'ila, rabinsu kuma sun kai shekara 86 ko fiye. Galibinsu yara ne a lokacin yaƙin. Adadin ya ragu tun daga lokacin.