Ƙarancin kilomita ba ya nuna lafiyar mota

An daɗe ana cewa in za ka sayi mota ta hannu, ka nemi mai ƙarancin kilomita. Maganar da ƙamshin gaskiya, amma lambar kilomitar da motar ke nunawa ita kaɗai ba shaida ba ce, domin ana iya mayar da ita baya. Motar da ta daɗe a ajiye kuwa, robobinta kan bushe, batir ya mutu. Kuma doguwar tafiya a babban titi ba ta gajiyar da inji kamar tsaye-tsayen cikin gari.

Duba sitiyari, kujerar direba da matakin birki. In sun goge alhali lambar kaɗan ce, to da walakin. Nemi takardun sabis, ka kuma tafi da makanikenka.

Don Allah a tura wa masu shirin saye.