Jirgin sama mai tayar wutsiya

Jirgin sama mai tayar wutsiya shi ne wanda manyan tayoyinsa biyu suke gaba, ƙaramar taya ɗaya kuma take ƙarƙashin wutsiya, shi ya sa idan yana tsaye hancinsa a ɗage yake. A sararin sama tuƙinsa bai bambanta da na sauran ƙananan jirage ba. Wahalarsa tana ƙasa, wajen tashi da sauka.

Tarihi

Yawancin jiragen farko ba su da ma taya a baya, sai wani guntun katako ko ƙarfe da yake jan ƙasa, domin filayen lokacin na ciyawa ne. Da jirage masu taya ko irin wannan guntu a wutsiya aka horar da dubban matuƙa a Yaƙin Duniya na Biyu: a Ingila da Tiger Moth, wanda ya fara tashi a 1931, a Amurka kuma da irinsu Piper J-3 Cub, wanda aka ƙera kusan 20,000 tsakanin 1938 da 1947. Abubuwa sun fara sauyawa a wajajen shekarun 1950, musamman bayan fitowar Cessna 172 a 1956, mai taya a ƙarƙashin hanci. Daga nan makarantun tuƙi suka karkata ga sabon tsarin.

Dalilin wahalar

Cibiyar nauyin jirgin tana bayan manyan tayoyin. Da zarar ya ɗan karkace a kan titi, nauyin sai ya ƙara jan wutsiyar ta zagayo gaba, kamar mai tuƙa mota da baya a guje. Idan ƙafafun matuƙi suka yi nawa a kan fedar da ke karkatar da jirgin dama da hagu, kafin ƙiftawar ido jirgin ya wulwula, wani lokaci har fiffike ya daki ƙasa. Iskar gefe tana ƙara dagula lamarin. Taka birki da ƙarfi kuwa yana iya kifar da shi a kan hanci, farfela ta lalace. Ga shi hancin yana tare gani, dole matuƙi ya riƙa karkata dama da hagu kafin ya ga gabansa. Wanda ya koyi tuƙi da jirgi mai tayar hanci ya fi shan wuya, domin ya saba da jirgin da ke miƙewa da kansa.

Doka da amfani

A Amurka sai malami ya horar da matuƙi ya sa masa hannu kafin ya tuƙa jirgi mai tayar wutsiya shi kaɗai, ban da wanda ya riga ya tuƙa irinsa kafin 15 ga Afrilu, 1991. Ra'ayin malamai ya rabu kan ko ya fi kyau a fara koyo da shi. Har yau ana aiki da shi wajen feshin gonaki da sauka a filaye marasa kwalta a Alaska da Kanada.