Waiwaye: Ƴancin addini da daidaito, daga unguwar Zariya zuwa gaban alƙali

A watan Yunin 2019 aka cinna wa cocin Assemblée de Dieu wuta a unguwar Zariya, nan Maradi, aka haɗa da motar faston. Mafarin abin shi ne tsare wani limami da ya ce dokar tsara ibada da ke gaban majalisa ta saɓa wa Musulunci. Da aka sake shi ya nemi gafara, ya ce gurguwar fassara aka yi masa. Kiristocin unguwar ba su suka rubuta dokar ba, amma a kansu fushin ya sauka, kamar dai a Nuwamban 2000, lokacin da boren ƙin bikin nuna tufafi na FIMA ya shafi harabar mishan ta SIM. Wannan yana ci mini rai, don maƙwabtanmu ne, kasuwa ɗaya muke ci.

A takarda kam, ba a rage komai ba. Kundin tsarin mulkin 2010 ya raba gwamnati da addini, ya ba kowa ƴancin ibada, ya kuma hana nuna bambanci saboda jinsi ko addini. Inda gizo ke saƙar shi ne cikin gida, wurin da alkawuran nan biyu, ƴancin addini da daidaito, ke karo. Tun dokar 1962, da ta 2004 da ta gaje ta, aure da saki da gado al'ada ake bi, al'adar kuwa a nan ta cuɗanya da fiƙihun Malikiyya. Matar da ta zo gaban alƙali da goyo a baya tana neman a raba aure, da al'adar za a auna maganarta.

Duk yunƙurin taɓa wannan ya ci tura. Daftarin dokar iyali na farkon shekarun 1990 ya mutu bayan ƙungiyoyin addini sun tashi tsaye. A 1999 Nijar ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawar da wariya ga mata, amma ta togace sassan da suka shafi aure da gado. A 2006 majalisa ta ƙi yarjejeniyar Maputo, ta Tarayyar Afirka kan haƙƙin mata. Malaman da suka ƙi suna da hujja, sun ce rabon gado nassi ne, ba a gyara shi. Sai dai ina ganin an bar abubuwan da ba nassi ba sun fake a bayansa, irin aurar da yarinya ba da yardarta ba.

Juyin mulkin Yulin 2023 ya jingine kundin 2010. Togaciyar 1999 kuwa tana nan daram lokacin da aka sake duba rahoton Nijar kan yarjejeniyar kawar da wariya ga mata a Janiba a farkon 2024.