Tambayoyin da ake ta maimaita mini kan fim ɗin The Prince of Tides

Duk lokacin da hira ta biyo ta kan wannan fim, tambayoyi iri ɗaya ne ke dawowa, har na haddace su. Ga amsoshin a wuri guda, don Allah a karanta kafin a sake aiko mini.

Labarin gaskiya ne?

A'a. Ƙagaggen labari ne da Pat Conroy ya wallafa a 1986, Barbra Streisand ta mai da shi fim a 1991. Conroy dai ya tashi a hannun uba mai duka, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba.

Me ya faru a ciki, a taƙaice?

Tom Wingo, mutumin Karolina ta Kudu, ya tafi New York saboda abokiyar tagwaicinsa Savannah ta sake yunƙurin kashe kanta. Likitarta ta ƙwaƙwalwa, Susan Lowenstein, ta nemi ya ba ta labarin ƙuruciyarsu tun da Savannah ta kasa magana. A hankali aka iso ga abin da suka binne: wasu fursunoni uku da suka tsere sun faɗo musu gida, suka yi wa uwar da Savannah da shi kansa Tom fyaɗe. An kashe maharan a daren, uwar ta sa aka goge jini aka binne gawarwaki, ta kafa dokar cewa babu abin da ya faru.

Littafin ya fi fim ɗin, ko ba haka ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi gajiyar da ni. Littafin ya haura shafi 500, fim ɗin kuwa awa biyu ne da 'yan mintoci, dole a zubar da wani abu. Inda nake tare da masu ƙorafi shi ne batun Luke, babban wansu. A littafin rayuwarsa da mutuwarsa su ne ƙashin bayan labarin, fim ɗin kuwa ya tsuke shi har wanda bai karanta ba zai yi ta mamakin me ya sa rasuwarsa ta ruguza ƙannensa haka. Masu kukan an cire damisar da ta yayyaga maharan a littafin, ku yi haƙuri, ban ga asara a nan ba. Da an sa ta, da mutane sun fito suna hirar damisa sun manta da yaran.

Ya halatta likita ta yi soyayya da wanda take saurara?

Bai halatta ba, kuma ku daina ce mini ai Tom ba shi ne majinyacin ba. A takarda Savannah ce majinyaciya, na yarda. To amma wa ya zauna a ofishin likitar mako bayan mako? Wa ya fashe da kuka a jikinta bayan ya faɗi abin da bai taɓa faɗa wa matarsa ba? Wanda ya buɗe maka cikinsa haka ya riga ya shiga hannunka, ba ku zama daidai ba. Tun 1973 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta rubuta a ƙa'idojinta cewa kwanciya da majinyaci saɓa amanar aiki ne. Sannan ku tuna da Savannah tana kwance a asibiti, likitarta na can tana shaƙatawa da ɗan'uwanta. Abin da ke ɓata mini rai shi ne fim ɗin ya lulluɓe wannan da kiɗa mai daɗi, har wasu 'yan kallo suka fito suna jin haushin Tom ya koma wa matarsa da 'ya'yansa mata. Idan mai ba ku shawara ya fara nuna muku irin wannan sha'awa, ku bar wurinsa, kuma laifin nasa ne, ba naku ba.

Ya ci Oscar?

An sa shi takara a rukuni 7, har da na fim mafi kyau, bai ci ko ɗaya ba. Streisand ba ta ma shiga jerin daraktoci ba. Nick Nolte, wanda ya fito a matsayin Tom, ya samu kyautar Golden Globe, kuma ya cancanta.

Ƙanwata ta sha irin wannan tun tana ƙarama, ba ta taɓa magana a kai ba. In nuna mata fim ɗin ko za ta buɗe baki?

Wannan kam ba zan amsa ta da kalma ɗaya ba, kuma duk wanda ya amsa maka da sauri kada ka saurare shi. Na san niyyarka mai kyau ce. Ka ga Tom ya yi kuka sau ɗaya nauyi ya sauka, kana so ita ma ta samu haka. Matsalar ita ce a nan ne fim ɗin ya fi nisa da gaskiya. Tunanin cewa da zarar an furta abin da aka danne ciwon ya tafi tsohon tunani ne, tun littafin da likitocin Ostiriya Breuer da Freud suka fitar a 1895, kuma Freud ɗin da kansa bai daɗe ba ya gane abin bai tsaya nan ba. Masu fim suna son sa saboda yana ba su fage guda mai sa hawaye. A zahiri hanyoyin da ake bi yau, irin su maganin gyaran tunani da ɗabi'a da ake kira CBT ko kuma EMDR da ake haɗawa da motsa idanu, zama ne da yawa, galibi 8 zuwa 12, kuma wanda cutarwar ta same shi tun ƙuruciya ko ta maimaitu yakan buƙaci fiye da haka. Ana fara koya masa yadda zai kwantar da jikinsa in firgici ya taso, kafin a taɓa labarin. An ma gwada tara mutane a sa su amayar da komai a zama guda jim kaɗan bayan masifa, aka ga ba ya hana ciwon, har hukumomin lafiya suka daina ba da shawarar yin sa.

To amma ba zan ce maka sam kada ta kalla ba, don akwai waɗanda labarin wani ne ya fara ba su kalmomin faɗin nasu. Musamman maza, da yake da wuya a ga fim ya nuna namiji yana faɗin an yi masa fyaɗe yana yaro. Ya danganta da ita, da inda take a yanzu. In tana cikin lokacin rashin barci, ko mafarkai masu firgitarwa, ko ta taɓa ambaton cutar da kanta, ka ajiye zancen fim gaba ɗaya, likita take buƙata, kuma in maganar kashe kai ce to yau ba gobe ba. In kuwa tana zaune lafiya, kana iya gaya mata gaskiyar abin da ke ciki tun kafin a kunna: akwai fyaɗe, akwai duka, akwai yunƙurin kashe kai, kuma an nuna daren harin. Ta ce e ko a'a, kuma a'a ɗinta amsa ce cikakkiya. Abin da ba zan taɓa goyon baya ba shi ne ka kunna mata ba ta sani ba, kana satar kallon fuskarka zuwa tata ka ga ko za ta karye. An taɓa ƙwace mata zaɓi sau ɗaya, kada kai ma ka maimaita. Ko da ta yarda, ka bar na'urar tsayarwa a hannunta, kada ka tsare ta da tambayoyi bayan an gama, kuma ka riga ka san wurin wanda za ku je in abin ya motsa. Wataƙila ta yi shiru, sai bayan wata uku ta faɗi jimla ɗaya kuna cikin wani aikin daban. Wataƙila kuma ba kai za ta faɗa wa ba, kuma hakan bai rage maka komai ba.

Na kalla ban yi kuka ba, ko da matsala a tare da ni?

Babu. Wani kuka yake yi, wani jikinsa ne ke yin sanyi, wani kuma fim ɗin ne kawai bai kama shi ba. Kwantar da hankalinki.

Uwar ce muguwa ko uban?

Kullum sai an nemi wanda za a rataya. Henry, uban, yana duka, Lila, uwar, ta rufe bakin 'ya'yanta don kada sunan gida ya ɓaci, kuma ita ma an yi mata abin da aka yi musu a daren. Ni dai abin da ya fi zama mini a rai shi ne wurin da yaran uku ke gudu daga ihun iyayensu, su faɗa ruwa, su riƙe hannun juna a ƙarƙashinsa inda ba a jin komai, har sai numfashi ya ƙare musu sun taso.

To in kalla ko kada in kalla?

Kalla, in jikinka zai ɗauka. Rabin farko ya san abin da shiru ke yi wa gida. Daga inda soyayyar ta fara, ka riƙa tuna cewa Savannah tana asibiti.