Gadaa: Tsarin Oromo da shugaba ke sauka bayan shekara takwas

Oromo su ne ƙabila mafi yawa a ƙasar Habasha, kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen ƙasar, kuma reshensu na Borana ya tsallaka har arewacin Kenya, wajajen Moyale da Marsabit. Suna da tsarin mulkin gargajiya da suke kira Gadaa, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya masu daraja a 2016.

Sarauta ce irin wadda muka sani?

A'a. A sarauta, sarki na kan gado har rai ya yi halinsa. A Gadaa kuwa, shugaban da ake kira Abbaa Gadaa shekara takwas yake yi cif, sai ya miƙa. An raba maza gida biyar, mulki na zagayawa tsakaninsu, kowane gida takwas-takwas. Gidan da ya sauka sai ya jira sauran huɗun su gama nasu kafin layi ya sake zuwa kansa, kuma lokacin 'ya'yansu ne za su karɓa. Kalmar "tazarce" da ta dame mu a siyasa, a nan ba ta da wurin zama.

To ta yaya mutum ke kai wa ga shugabancin?

Nan ne abin ke da ɗan sarƙaƙiya. Namiji yana hawa matakai, kowanne shekara takwas. A wajen Borana matakin farko shi ne dabballe: yaro ne da ake barin gashinsa, ana yi masa ado da ƙwayoyin wuri, ba a dukansa, ana ganin albarka ce a gida. Daga nan ya shiga kiwon maruƙa, ya girma ya bi manyan shanu daji, ya koyi yaƙi, sannan ya zauna kusa da dattawa yana sauraron shari'a. Waɗanda za su shugabanci rukuninsu tun suna samari ake zaɓensu, a yi shekaru ana kallon halinsu. Kafin mutum ya karɓi mulki, jama'a sun san shi ciki da bai.

Sai dai ba da shekarun haihuwa ake lissafi ba. Ɗa yana bin bayan ubansa ne da tazarar shekara 40 a kan matakan, ko yaushe aka haife shi. Saboda haka akan ga tsoho da yaro ƙarami a rukuni guda, wani ma a haife shi bayan rukuninsa ya riga ya yi mulki ya sauka. Wannan, a ganina, shi ne babban raunin tsarin: akwai wanda ranar haihuwarsa kawai ta hana shi rabo.

Wa ke taka wa shugaban burki?

Taron jama'a. Borana na da Gumii Gaayoo, babban taro da ake yi sau ɗaya a kowace shekara takwas, a tsakiyar wa'adin shugaba. A nan ake kafa doka, a soke wata, a kuma duba aikin masu mulki. Wanda ya kauce ana iya tsige shi. Ba ƙuri'a ake ƙirgawa ba, magana ake yi kwana da kwanaki har a samu daidaito. A sauran ƙasar Oromo irin wannan zama a ƙarƙashin itacen odaa ake yinsa, wato ɓaure, shi ya sa hotonsa ke kan tutar jihar Oromiya. Harkar ibada kuma tana hannun Qaalluu, wanda shi gado ake yi, amma ba shi ke mulki ba.

A rayuwar yau da kullum, ina ake ganin amfaninsa?

A bakin rijiya. Ƙasar Borana busasshiya ce, da rani dubban shanu sun dogara da wasu rijiyoyi masu zurfi da ake kira tula. Maza kan jeru daga ƙasan rijiya zuwa sama, wannan ya miƙa wa wancan guga, suna waƙa don hannu ya tafi daidai, har ruwa ya cika kwami. Akwai mai tsara layin shayarwa, abbaa herregaa, shi ke faɗin ranar da garken kowa zai sha. Wanda ya ƙi fitowa yasar rijiya, ko ya kutsa da shanunsa ba ranarsa ba, dattawa za su ci shi tara. Duk wanda ya taɓa ganin rigimar makiyaya a mashaya ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mata fa?

Ba sa riƙe muƙamin Gadaa, wannan babu ɓoye-ɓoye. Abin da suke da shi, musamman a wajen Arsi, wani reshen Oromo, shi ne siinqee, wata siririyar sanda da uwa ke ba 'yarta ranar aure. Idan miji ya ci zarafin matarsa, matan gari sai su ɗauki sandunansu su fita tare, su bar wa maza yara da tatsar shanu. Ba za su dawo ba sai dattawa sun bi su da ban-haƙuri, mai laifi ya yanka dabba.

Har yanzu yana aiki?

Wani wuri e, wani wuri saura suna. Tun 1593 wani malamin coci, Abba Bahrey, ya rubuta yadda Oromo ke sauya shugabanni duk shekara takwas. A ƙarni na 19 wasu jagororin yaƙi a yankin Gibe suka mayar da kansu sarakuna, aka samu masarautun Musulmi irin su Jimma. Daga baya Sarki Menelik na Biyu ya ci ƙasar Oromo da yaƙi, tarukan suka dusashe. Borana da Guji, wani reshen Oromo, su ne suka fi riƙe abin. A watan Maris na 2025 Borana suka taru a yankin Arero, Kura Jarso ya cika shekarunsa takwas ya miƙa wa Guyo Boru Guyo, Abbaa Gadaa na 72.