Harajin hayaƙi na Turai: wa zai biya, kuma wa zai tsira da shi

Tun 1 ga Janairun 2026 dokar nan ta Tarayyar Turai da ake ce wa CBAM, wato harajin hayaƙin kabon kan wasu kayan da ake shigo da su daga waje, ta fara aiki gadan-gadan, bayan sama da shekara biyu ana gwaji tun Oktoban 2023, lokacin da rahoto kawai ake cikewa babu biyan ko sisi.

Ka ga tun 2005 duk babbar masana'anta a Turai, mai narka ƙarfe ce ko mai siminti, sai ta mallaki takardar izini kan kowane tan na hayaƙin kabon da take fitarwa, kuma takardar nan kuɗi ce, saye da sayarwa ake yi. To kai kana Jamus kana ɗauke da wannan nauyin, ga wani a Indiya ko Turkiyya da ba ya biyan ko kusa da haka ya loda ƙarfensa a jirgin ruwa ya sauke a tashar Rotterdam ta Holan da araha, don Allah wa zai kalli naka? Shi ya sa aka daɗe ana raba wa masana'antun wasu takardun kyauta don kar su tattara komatsansu su bar nahiyar. Yanzu kyautar za a riƙa rage ta a hankali har ta ƙare a 2034, sai aka kawo CBAM a madadinta.

Dokar ta shafi ƙarfe, almini, siminti, takin zamani, lantarki da haidurojin. Wanda ya shigo da kayan shi ke biya, ba masana'antar da ta ƙera ba, zai lissafa hayaƙin da aka fitar wajen yin kayan ya sayi takarda daidai farashin da ɗan Turai ke biya, in kuma an riga an biya kuɗin kabon a can ƙasar sai a cire masa. Ƙananan 'yan kasuwa masu shigo da abin da bai kai tan 50 a shekara ba an ɗauke masu. Amma ƙasa irin Mozambik da ta daɗe tana kai almininta Turai, ita ma dokar ta shafe ta, wallahi abin ya dame ni, domin ba su suka cika sararin sama da hayaƙi ba.

Ni dai a ganina dokar katanga ce ta kasuwar cikin gida kawai. In kamfanin Jamus ya ɗauki ƙarfensa zai sayar a Brazil ko Masar, CBAM ba ta bin sa can, shi ya biya kuɗin kabon abokin gasarsa bai biya ba. Ga kuma babban ciwon da Mario Draghi, tsohon firaministan Italiya, ya faɗa a rahotonsa na Satumban 2024, cewa kamfanonin Turai na biyan kuɗin lantarki ninki 2 zuwa 3 na abin da ake biya a Amurka, gas kuwa ninki 4 zuwa 5. Wannan dokar ba ta taɓa shi ba ko kaɗan, kuma masana'antar da ke son daina ƙona gawayin kwal ta koma narka ƙarfe da lantarki, lantarkin nan mai tsada shi za ta saya.