Gyara gida don mai keken guragu: tambayoyi da amsoshi

Da me ake farawa?

Da tef ɗin awo, kafin a kira magini. A auna faɗin keken daga bayan wannan taya zuwa bayan waccan, a auna tsawonsa har da matakin ƙafa, sannan tsayin mazauninsa daga ƙasa. Keken asibiti na manya yakan kai inci 24 zuwa 27 a faɗi, mazauninsa kuma kamar inci 19 ko 20. Daga nan sai a tura mutumin a bi hanyar da yake bi kullum: gado zuwa banɗaki, ɗaki zuwa tsakar gida, tsakar gida zuwa zaure. Duk inda keken ya cije a sa alama da alli.

Idan kuɗi sun yi kaɗan, hanyar gado zuwa banɗaki za a fara gyarawa. Ita ake bi sau da yawa a rana, har da tsakar dare, kuma a nan aka fi faɗuwa. Ƙofar waje ta biyo baya.

Yaya ake yin gangaren hawa a maimakon matattakala?

Lissafin ba wuya: kowane inci 1 na tudu yana buƙatar ƙafa 1 ta tsawon gangare. Dakali mai inci 6 yana son gangare mai ƙafa 6. Matattakala uku masu inci 6 kowace, inci 18 ke nan, don haka ƙafa 18. Wannan shi ne mafi tsaurin da aka yarda da shi. Ga tsoho, ko wanda ɓarin jikinsa ya shanye yana tuƙi da hannu ɗaya, gara a ƙara tsawo ya kai ƙafa ɗaya da rabi a kowane inci.

A nan ne magina suka fi yin ɓarna. Sai ka ga an watsa siminti a kan matattakala an shafe, irin wanda ake yi don shigar da babur, a ce an gama. Babur yana da inji. Keken guragu idan ya hau irin wannan, nauyi yakan koma baya, ƙananan tayoyin gaba su ɗaga, mutum ya kifa ta ƙeya. Wajen sauka kuma matakin ƙafa ya daki ƙasa ya tunkuɗa shi gaba.

Faɗin gangaren kada ya gaza ƙafa 3, ƙafa 4 ta fi. A bar fili shimfiɗaɗɗe mai ƙafa 5 a sama da ƙasa, domin ba yadda za a yi mutum ya riƙe keke a kan gangare yana kuma kokawa da makulli. Idan tudun ya wuce inci 30, a raba gangaren biyu da wurin hutawa a tsakani, in fili ya yi kaɗan a lanƙwasa shi ya bi jikin bango. Gefe da gefe a ɗaga ɗan baki mai inci 4 don kada taya ta zame waje, a kafa ƙarfen riƙo a tsayin inci 34 zuwa 38.

Kankaren a haɗa shi siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4, kauri inci 4, a kan ƙasar da aka daddaɓe sosai. Kafin ya bushe a ja tsintsiya a kansa a gicciye don ya yi kaushi, a riƙa ba shi ruwa kwana 7. Kada a sa tayil mai ƙyalli, da damina santsinsa kamar sabulu.

Dokin ƙofa fa? Idan aka fasa shi ruwan sama zai shiga ɗaki.

Gaskiya ne, don tare ruwa aka yi shi. Amma tayar gaba ƙarama ce, abin da ya wuce rabin inci yana tsayar da ita cak. Mafita biyu ce. Ko a bar dokin a yi masa ɗan gangare ciki da waje da wancan lissafi, ko a fasa shi a haƙa siririyar kwata a gaban ƙofar a rufe da ragar ƙarfe. A gaya wa mai walda tazarar ragar kada ta wuce rabin inci, sandunan kuma su gitta hanyar keken, in ba haka ba taya za ta faɗa ta maƙale. Haka za a yi wa lambatun ƙofar gida, ko a rufe shi da silab.

Tsakar gida mai rairayi ma tana cinye ƙarfin hannu. Ba sai an daɓe ta duka ba, siririyar hanyar siminti mai faɗin ƙafa 4 ta wadatar.

Ƙofa nawa ya kamata faɗinta ya kai?

Inci 32 tsantsa, a auna bayan an buɗe ƙyauren, don kaurinsa yana cin wajen inci 2. Ƙofar ɗaki mai ƙafa 3 takan isa. Ta banɗaki ce matsala, don yawanci ƙafa biyu da rabi ake yi mata ko ƙasa da haka. Wani lokaci cire ƙyauren a sa labule mai kauri ya isa. Idan sai an faɗaɗa, a duba linta tukuna, wato kankaren da ke ɗauke da bango a saman ƙofa: in ba ta zarce sabon faɗin ba, sai an zuba wata, kada bango ya tsage. Ƙyauren banɗaki ya riƙa buɗewa waje, saboda idan mutum ya faɗi a bayansa ba za a iya turawa ba. A cikin ɗaki a bar fili mai ƙafa 5 ta kowane ɓangare don juyawa. Keke mai taya uku da ake tuƙawa da hannu, wanda masu shan inna suka fi hawa, ya fi keken asibiti tsawo nesa, shi wurin ajiya yake so a zaure.

Banɗakinmu na tsuguno ne. Dole sai an sa na zama?

Ba dole ba. Mai walda zai iya haɗa kujera mai rami a tsakiya wadda za a ɗora a kan masai, ko a sayi ta asibiti mai bokiti a ƙasa, wadda da dare ake ajiyewa kusa da gado. Abin lura shi ne tsayi: inci 17 zuwa 19, kusan daidai da mazaunin keken, don mutum ya zame gefe ba tare da an ɗaga shi ba. A bar fili kamar ƙafa 3 a gefe ɗaya inda keken zai tsaya. Idan tsohon masai ne na rami, a duba ƙarfin daɓensa kafin a ɗora masa nauyin mutum da keke da mai taimako.

Ƙarfen riƙo a sa shi a tsayin inci 33 zuwa 36, kaurinsa inci ɗaya da kwata zuwa ɗaya da rabi, tazararsa da bango inci ɗaya da rabi don kada hannu ya zurma. Ya zama zai ɗauki aƙalla kilo 110. Bulonmu mai rami ne, kusoshi da roba ba sa riƙewa, wata rana za su fito gaba ɗaya a hannun mutum. A cika ramin bulon da kankare, ko a huda bangon a ɗaure da dogon noti da faifan ƙarfe ta baya. Ginin ƙasa kuwa kada a dogara da bangonsa sam, a kafa ƙarfen a cikin daɓe da kankare. Ƙarfen rataye tawul ba na riƙo ba ne, ko da ya yi kama.

Don wanka da alwala, a sa benci mai jingina da famfo mai hannu irin wanda ake turawa, a tsayin da zai kai daga zaune. Wanda ya samu rauni a lakar ƙashin baya, sau da yawa ba ya jin zafi a ƙafafu, don haka a gwada ruwan zafi da hannu kafin a zuba.

Katifa a ƙasa ba ta fi aminci ba?

Ga faɗuwa, e. Amma tashi daga ƙasa zuwa keke shi ne mafi wahalar ɗagawa, shi ke kashe bayan masu jinya. Gado da katifarsa su yi daidai da tsayin keken, katifar mai tauri don kada bakinta ya lotsa. Allo mai santsi, tsawon kamar inci 28, da ake gittawa tsakanin gado da keke yana rage wahala ƙwarai, amma likitan gashin ƙashi ya fara nuna yadda ake amfani da shi. A ja birki kowane lokaci. Wanda ba ya iya juyawa da kansa a riƙa juya shi duk bayan awa 2 saboda gyambon kwanciya. Makunnin fitila da soket su kasance tsakanin inci 15 da 48 daga ƙasa, a kuma ajiye fitila mai caji kusa da matashi saboda ɗaukewar wuta.

Gidan haya muke. Ko doka ta tilasta wa mai gida ya gyara?

A Najeriya, dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta fi mayar da hankali ne kan gine-ginen da jama'a ke shiga da ababen hawa. A gidan haya magana ce ta fahimta da mai gida, kuma gara a rubuta abin da aka amince. In ya ƙi a taɓa gini, kafinta ya haɗa gangaren katako mai kauri da ake ɗaukewa, a buga masa roba mai kaushi a sama, a kafe bakinsa na sama don kada ya zame, a shafa masa maganin gara. Lissafin tsawonsa bai canza ba, inci 1 ƙafa 1.